Bututun Hayaƙi da Irin Waken Kaka

A gidanmu kowa da ruwan zafi yake wanka, ban da mai dafa shi. Baba yakan fara da zarar an gama girbi, ba ya dainawa sai zafin bazara ya kore shi, domin a cewarsa sanyi ta kafaɗa yake shigarsa. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ba ruwanta da yanayi. Rani da damina sai an gasa mata gwiwoyi da ruwa mai tururi, in kuwa aka yi fashi, ranar duk wanda ya shigo gidan sai ya saurari tarihin gwiwoyin nan tun daga ƙuruciyarsu. Inna ce mai dafawa. Idan kowa ya gama, abin da ya rage a gindin tano, wato gangar da ake dafa ruwan, shi ne nata, yawanci ya riga ya huce.

Ƙauyenmu yana kusa da Bande. Madafarmu ɗakin ƙasa ce mai rufin azara, ƙofa ɗaya, babu taga, don wanda ya gina ta ya san ba shi zai zauna ciki ba. Da asuba Inna take shiga, ta ɗora rabin tanon ƙarfe a kan duwatsu uku, ta cusa karan gero da busasshen kashin shanu da 'yan ƙiraren gawo, sannan ta saki asabari ta rufe ƙofar. Rufewar nan ba ganganci ba ce, tsimi ne. Kara a wajenmu masu jiransa da yawa: dabbobi na jira, danga na jira, rumbu na jira, murhu ne na ƙarshe a layi. Iska kuwa in ta shigo ɗaki, wutar takan yi ta lasar gefe, ta cinye karan mako guda a kwana uku. Saboda haka Inna ta zaɓi ta tsare kara, hayaƙin kuma su raba ita da bango.

Takan fito idanunta jajur, tana tari har sai ta dafa ƙofa, ta ɗaure goshinta tamau da kallabi saboda ciwon kai. Tarin nan ya sami masana da yawa. Baba ya ce mura ce, wata irin mura mai haƙuri da ta haura shekara goma ba ta tafi ba. Kaka ta ce matan yanzu ne ba su da ƙwari, ita a cikin hayaƙi ta goya 'ya'yanta duka kuma ga ta nan. A asibiti majo, wato malamin jinya, ya ba ta maganin tari mai zaƙi, ya ce ta guji hayaƙi. Inna ta yi masa godiya sosai, ta dawo gida ta hura wuta.

A lokacin ina lakkwal ta sakandare, wato lise, a Magariya, ina zaune wurin gwaggona, ina zuwa gida ƙarshen mako in an sami babur mai zuwa wajenmu. Wata rana mushen fizik, malaminmu na kimiyya, ya yi mana darasi a kan wuta. Ya ce idan ta rasa isasshiyar iska takan fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari, ta fara da ciwon kai da jiri, in ɗakin a rufe yake ta gama da mutum yana zaune. Wani daga bayan aji ya ce to tunda ba a ganinta wa ya ba da labarinta, aka yi ta dariya. Ni kuwa kallabin Inna nake gani. Ban ɗaga hannu ba. Na rubuta komai a kaye, littafin rubutuna, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Da aka tashi na shiga ɗakin littattafai na nemo wani tsohon littafi mai hoton murhun laka da bututun hayaƙi, na kwafi hoton sau uku har ya fito daidai.

Asabar ɗin da ta biyo baya na shiga madafa da zare da abin awo. Na auna faɗin ƙofa, kaurin bango, tsayin rufi, bakin tano, gindin tukunyar tuwo. Na zana komai, har muciya da maburgi. A saman murhu akwai wasu ƙulle-ƙulle baƙaƙe ƙirin rataye a jikin azara, tun ina ƙarama nake ganinsu. Su ma na zana su, don ba na son aiki rabi da rabi, na ja kibiya na rubuta a gefe: tarkace. Ban tambayi kowa ba. Mai karatun fizik ba ta tambayar mutanen da ba su ma san sunan iskar da ke cutarsu ba.

Saura izinin fasa bango. Na san gidanmu. Da na ce wa Baba ƙirjin Inna, da ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Sai na durƙusa na ce masa kara. Na ce murhun nan zai sa karan da muka tara ya kai mu damina ba a taɓa reshen gawo ba. Ya ɗago kai.

"Har damina?"

"In Allah ya yarda, Baba."

"A littafin aka ce?"

"Eh."

"To littafin ya faɗi wanda zai toshe ramin in abin bai yi ba?"

Na ce ni ce. Ya ce to a fasa, amma ta baya, kada mutane su gani.

Bututun a kasuwar Magariya aka yi shi, wurin wani dattijo mai ƙera bokitai da mazurari da tsohon kwanon rufi. Na tsaya a gaban rumfarsa har ya sallami mutum uku ban iya buɗe baki ba, a ƙarshe ma takardar kawai na miƙa masa. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"'Yar lakkwal, jirgi za ki haɗa?"

"Bututun hayaƙi ne, Baba."

"To ki ce bututu mana. Duk waɗannan lambobin na mene ne? Ko hayaƙin gidanku ya yi karatu?"

Ya ajiye takardar ya ɗora guduma a kanta don kada iska ta ɗauke, bai sake kallonta ba. Amma ya yi wa bututun gwiwa daidai inda zai fita bango ya miƙe sama, ya kuma yi masa hula saboda ruwan sama, abin da littafina ya manta. Ya ce in tabbata bakinsa ya zarce rufi, kada ya taɓa azara ko ɗaya, in lulluɓe inda ya ratsa bango da laka mai kauri, kuma duk mako a ƙwanƙwasa shi kunkunniya ta zubo. Na ciro kaye zan rubuta. Ya ce in magana huɗu ma sai na rubuta, to me ake koya mana a can.

A hutun ƙarshen shekara ni da Inna muka kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, muka gina murhu mai baki biyu, ɗaya na tukunya ɗaya na tano, yadda gindin kowanne zai nutse ciki, wuta ta rungume shi maimakon ta yi ta yawo a ɗaki. Na yi wa tano murfi da wani tsohon faranti. Na samo bido biyu baƙaƙe, jarkoki irin na mai, na wanke su tas. A cika su da ruwa a ajiye a rana tun hantsi, da yamma a naɗe su da tsohon bargo. Da asuba ruwan bai gama hucewa ba, wuta kaɗan ta ishe shi. Kwana uku muna aikin, Kaka tana zaune a kan kujerarta tana kallonmu.

"Ƙawata," ta ce, haka take kirana idan za ta yi mini tsiya, "yanzu ruwan da rana ta dafa za ki ba ni? Ni ƙadangaruwa ce?"

"Za a ƙarasa shi a wuta, Kaka."

"Uhm. An yi wa ɗaki hanci, an sa wa hanci hula. Saura ku saya masa carbi."

Inna ta sunkuyar da kai tana shafa laka, tana ɓoye dariya.

Ranar da laka ta bushe aka hura wuta, hayaƙi ya bi bututu ya fita ta sama kamar dama can hanyar yake jira. Bayan gidan da Baba ya zaɓa don ɓoye abin kunya ya zama wurin kallo. Mata masu zuwa rijiya suka riƙa tsayawa suna tambaya ko injin niƙa muka sayo. Inna ta fito daga madafa idanunta farare. Ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige kamar wadda ta manta wani abu, ashe tarin ne ba ta yi ba. Kafin sanyi ya wuce ta daina ɗaure goshi. Wata safiya na ji tana 'yar waƙa a ciki, na tsaya da tsintsiya a hannu, don ban san tana da murya ba.

Kara kuwa ya yi albarka. Duk ƙarshen mako nakan zagaya in duba damin da aka taɓa. Inda a da ake cin uku, yanzu biyu ba sa ƙarewa. Baba ya riƙa ba da labari a bakin masallaci cewa shawara suka yi da yarinyar, shi ne ma ya nuna mata inda za a fasa. Ban musa ba. A raina na riga na ba wa kaina lambar yabo, har ina lissafa gidajen ƙauyen da zan ceto bayan namu.

Ruwan shuka ya sauka, aka shuka gero. Bayan kamar mako biyu, ran wata Lahadi ina gida, Kaka ta ce lokacin wake ya yi, a sauko mata da irinta. Inna ta shiga madafa ta taka turmi, ta miƙa hannu cikin azara, ta sauko da tarkacena.

A ranar na san ko mene ne. Irin wake ne a cikin kwansonsa, ƙulli-ƙulli. Wani ƙaramin jan wake ne mai saurin nuna, wanda Kaka ta zo da shi daga garinsu wajen Mallawa, kuma tun zuwanta ba ta taɓa sayen iri a kasuwa ba. Duk shekara takan zaɓi kwanson da ya fi cika, a rataye mata a saman murhu. Hayaƙin nan da na ɗauka ba shi da aikin yi sai shaƙe Inna, ashe shi ke gadin waken. Ƙwaro ba ya zama inda ake turara shi safe da yamma. Ni kuma na zo da ilimina na sallami mai gadi, na bar wa ƙwari ɗaki mai ɗumi da iska mai tsabta, wata shida cur.

Kaka ta san amfanin hayaƙin sarai. Abin da ya ci ta shi ne ta raina bututuna. Ta daɗe ba ta shiga madafa, kuma ba ta taɓa yarda cewa wani gwangwani zai iya kwashe hayaƙin ɗaki duka ba. Da ta yarda da aikina, da tun ranar farko ta kwashe kayanta. Inna kuwa, wadda ke ƙarƙashin ƙullin nan kullum, har yau ban tambaye ta ko ta tuna da su a watannin nan ba.

Kaka ta murza kwanso ɗaya a tafin hannunta. Gari ya zubo, 'yan ƙwari suna gudu a tsakanin yatsunta. Ta murza na biyu, ta murza na uku. Kowace ƙwaya da huda, wata biyu wata uku. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ƙawata, zo ki gani. Kin ciyar da bayin Allah. Ga su nan sun yi ƙiba, ko tari ɗaya ba su yi ba."

Na durƙusa a gabanta. Na ɗauki ƙullin duka na koma gindin katanga da faifai biyu. Ina ɓare kwanso ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowace ƙwaya ina juya ta a haske. Mai huda hagu, lafiyayya dama. Litinin ban koma lakkwal ba, fashina na farko ke nan tun da aka sa ni. Daga ƙulli goma sha ɗaya, abin da ya tsira bai cika ludayi ba. Na kai mata da hannu biyu. Ta daɗe tana kallonsa, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce ba a gona za a shuka shi ba, a bayan gida, inda idonta zai kai.

Shi Baba ba waken ne ya fi damunsa ba. Da la'asar ya shiga madafa, karo na farko da na taɓa ganinsa a ciki, ya ɗaga kai yana ƙwanƙwasa azara da sanda. Ya ce yau wake ne, gobe ƙwari su shiga rufi, jibi ɗaki ya rufto. Ya yi tunani mai zurfi irin na masu gida, ya fito da hukuncin da a ganinsa babu wanda zai yi kuka. Ba za a rushe murhu ba, tunda yana tsimin kara. Bututun kawai za a toshe, hayaƙi ya koma bakin aikinsa. Ya jingina tsani ya hau, ya cire hular, ya cusa tsohon buhu.

Na bi shi har gindin tsani.

"Baba, wannan ya fi na da haɗari. Murhun nan a rufe yake, in aka toshe bututu wutar ba za ta ja iska ba."

"Da can da babu bututu mutuwa muka yi?"

"Da can duwatsu ne, a buɗe suke..."

"Ke da kika gama da wake, yanzu kuma ke ce mai ba da fatawa?"

Ilimina a ranar ba shi da kasuwa. Na je na roƙi Inna ko asabarin ta bari a ɗage. Ta ce to. Amma da asuba aka tashi da iska da yayyafi, kara ya yi danshi, ga gwiwoyin Kaka ba su san wata fizik ba. Ta saki asabarin.

Ina alwala a bakin randa na jiyo tarin. Wata shida rabona da shi, na gane shi nan take. Ya yi ta yi, sannan ya tsaya, shirun kuma ya fi tarin ban tsoro. Na yar da buta na ruga na fizge asabarin. Wani farin hayaƙi mai kauri ya bugo ni a fuska. Wutar ba ta kama ba, turnuƙewa kawai take yi. Inna tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, kanta a sunkuye, mafici a hannunta. Na kama ta ta ƙarƙashin hammata na jawo ta waje. Ta yi amai a cikin yayyafi, ta daɗe tana numfashi da baki. Baba ya fito yana salati. Kaka ta leƙo daga ɗakinta.

Inna ta kwanta a kan tabarma a cikin zaure har rana ta fito. Sannan ta tashi, ba ta kalli kowa ba, ta zagaya baya inda tsanin Baba yake jingine. Ta gyara ɗaurin zanenta ta hau, a gaban mijinta da surukarta. Na riƙe mata tsanin. Ta zaro buhun, baƙi ƙirin, ta jefo shi gaban Baba, ta mayar da hular ta danna.

"Malam," ta ce daga sama, "shekara ashirin ina shan hayaƙin nan, ban san ana yin girki babu shi ba. Yanzu na sani. Duk mai son hayaƙi a ɗakin nan, ga ashana can a kan bango, ya shiga ya dafa ruwansa."

Baba ya kalli buhu, ya kalli mahaifiyarsa, yana jiran ta sa baki. Kaka ta ce ita dai ruwanta ya yi latti, kuma gwiwoyinta sun fara magana. Bayan kwana biyu Baba ya samo baƙin mai wurin mai gyaran babur ya shafe azara da kansa, ya kuma sanar a bakin masallaci cewa ya sake nazari, ya ga ya fi kyau a bar bututun.

Ludayin waken nan ya tsiro a bayan gida, Kaka ta yi gadinsa da sanda, ko kaza ba ta isa ta wuce ta wurin ba. Da girbi ya ba da abin da zai yi ƙulli huɗu. Na je mata da shawara, wannan karon bayan na tambayi masu noman wake: a ɓare shi, a shanya shi sosai, a gauraya da toka, a zuba a bido a toshe bakin tam, ƙwaro ba zai rayu a ciki ba. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Ke dai ba kya gajiya. Bara kin hana shi hayaƙi, bana za ki hana shi numfashi."

Ta ɗaure kwansonta ƙulli-ƙulli, ta dogara sanda ta tafi gidan da muka haɗa katanga da su, ta roƙi matar gidan aron azara. Madafarsu irin tamu ce ta da. Can irin Kaka yake shekara yanzu, yana saukowa baƙi ƙirin, babu huda ko ɗaya, kuma duk girbi takan aika wa matar da kwanon wake na tukwici.

Inna ba ta tari. Idan ina gida, da asuba ta bayan katanga nake jiyo na maƙwabciyarmu, mai tsawo, ya tsaya ya dawo. Sau ɗaya na ce zan shiga in yi mata maganar bututu. Kaka ta ce in na kuskura na kai karatuna gidan nan, sai ta karya mini ƙafa. Har yanzu ban je ba.